A Janye Wutar Walda Daga Sandar Sitiyari

A garejojin Haɗejia akwai wani gyara da ake yi wa mota wanda kuɗinsa bai kai na man zuwa Kano ba, ba ya cin awa guda, kuma mai mota yakan tafi yana sa wa makaniki albarka. Direba zai zo ya ce sitiyarinsa na ƙara in ya faɗa rami, ko yana wasa a hannu. A kwance sandar da ke ƙarƙashin sitiyarin, a tarar gaɓar da ƙarafa biyu suka shiga juna ta yi sako-sako, a tura yaro wajen mai walda ya ɗiga mata wuta. Ƙara ta ɗauke, sitiyari ya yi ƙam. Ni da na yi shekarun aikina ina koyar da kanikancin mota a makarantar koyon sana'a, a duk jikin mota ban san gyaran da ya fi wannan ba ni tsoro ba. Gaɓar nan da aka liƙe, da gangan maƙeran motar suka bar ta da rauni. An yi ta ne don ta saki ranar da aka yi taho-mu-gama, ta karye ita kafin ƙirjin direba ya karye.

Sai an san yadda motocin dā suke kafin a ga girman abin da muke lalatawa. A shekarun 1940 da 1950 sandar sitiyari ƙarfe ne guda miƙaƙƙe, tun daga akwatin sitiyari da ke can gaba kusa da tayoyi, har ya zo ya tsaya daidai saitin ƙirjin direba. In gaban mota ya daki wani abu, abu biyu ke faruwa cikin lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Gaban motar ya lotse ya turo sandar baya. Shi kuwa direba, tun da motar ce ta tsaya ba jikinsa ba, sai ya ci gaba da tafiya da gudun da yake yi. A tsakiya suke haɗuwa. Lissafin da nake yi wa ɗalibai a allo shi ne, wanda ya daki katanga yana gudun kilomita 50 a awa, jikinsa ya sha abin da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10 zai sha. In ya ninka gudun ya kai 100, tsayin ba mita 20 zai zama ba, mita 40 ne. To a ce duk wannan nauyi ya sauka a kan bakin ƙarfen da bai san lanƙwasa ba. Haƙarƙari ya kakkarye, huhu ya huje, babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta yage.

Shekaru masu yawa masu ƙera motoci suna cewa laifin direba ne, ya daina ganganci. Cikin waɗanda suka ƙi yarda da wannan amsa akwai injiniya Béla Barényi, wanda ya kama aiki a kamfanin Marsandi na Jamus a 1939. Shi ne ya tsaya a kan cewa hatsari ba zai ƙare a duniya ba, don haka a ƙera mota yadda ƙarfenta zai sha dukan a madadin mutum. Daga tunaninsa aka samo gaban mota mai lotsewa da ɗakin fasinja mai tauri, kuma a 1963 ya yi rajistar sandar sitiyari mai kaucewa, wadda ta fito cikakkiya a Marsandin nan ƙirar 1976 da manyan alhazanmu suka daɗe suna hawa. A Amurka kuma wani lauya, Ralph Nader, ya fitar da littafi a 1965 yana tona yadda kamfanoni suka fifita ado a kan rai. Shekara guda bayan haka majalisar ƙasar ta yi dokar lafiyar motoci. Kamfanin General Motors ya sa sanda mai zurmawa a motocinsa ƙirar 1967, daga watan Janairun 1968 kuma ta zama tilas a kan duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a ƙasar.

Dokar ba ta tsaya a fatar baki ba, awo ta sa. A buga mota da katanga a gudun kilomita 48, kada sandar ta matso baya fiye da santimita 12.7. A jefa gunkin da ya yi nauyin gangar jikin mutum a kan sitiyarin a gudun kilomita 24, kada ƙarfin da zai koma wa ƙirjinsa ya haura na kilo 1,134. Da hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta zauna a 1981 ta duba sakamako, ta tarar wannan canji kaɗai ya rage mutuwar direbobi a karon gaba da kashi 12 cikin ɗari, wato rayuka kimanin 1,300 a kowace shekara. Ba sabon titi aka shimfiɗa ba, ba a canza halin direba ko ɗaya ba. Ƙarfe guda aka raba biyu.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Duk wanda ya taɓa zuge eriyar rediyo ya mayar da ita ya ga dabarar: bututu siriri a cikin bututu mai kauri. Abin da ke riƙe su kada su zurma a tuƙin yau da kullum wasu 'yan ƙusoshin roba ne da ake ɗurawa a masana'anta, waɗanda aka auna su tsinke in duka ya kai wani mizani. Rigar da ta lulluɓe sandar ita ma an yi ta ta nannaɗe a hankali tana shanye ƙarfin dukan, wata raga ce ta ƙarfe, wata kuma ƙananan ƙwallaye ne ke kartar bututu yayin da yake shigewa. Maƙalan da suka rataye sandar a ƙarƙashin dashbod an yi su ne su zame su sake ta ta yi gaba, amma su hana ta tahowa baya. Can ƙasa kuma akwai gaɓoɓi masu lanƙwasa, don in injin ya turo, sandar ta karkace gefe maimakon ta miƙe zuwa ƙirji. Duka tafiyar da sandar za ta yi ba ta wuce taƙi guda ba. A cikin wannan taƙi ake samun bambancin wanda zai fito yana dafe ƙirji da wanda za a ciro a lulluɓe.

Ta ina muke lalata ta? Hanya ta farko guduma ce, kuma ita ta fi ƙona min rai domin rashin sani ne zalla. Yaron gareji zai cire sitiyari don a gyara oda ko makulli. Ya kwance noti, sitiyari ya ƙi fita, sai ya ɗauki guduma ya riƙa dukan bakin sandar yana jan sitiyarin da gwiwa. Littattafan gyara na kamfanoni sun hana wannan ƙarara, akwai ɗan ƙarfen zare sitiyari da ake ɗaurawa a murɗa, wanda duk mai walda zai iya ƙera shi da falankin ƙarfe da noti uku. Dukan gudumar nan yana tsinke ƙusoshin robar da ke ciki, ba wanda ya gani, ba wanda ya ji. Bayan mako biyu a kan hanyar burji sanda ta fara kwaram-kwaram. Motar ta dawo garejin da ya ɓata ta, a yi mata magani da walda.

Ta biyu ƙasarmu ce da kanta. Mu mutanen fadama ne. Motar da ke ɗauko shinkafa daga gonakin noman rani na Auyo, ko kifi daga Guri da Kirikasamma, ko tattasai da kankana daga ƙauyukan bakin kogi, rabin rayuwarta a cikin taɓo da yashi take. A ambaliyar 2022 motoci nawa ne suka ratsa ruwa har gindin kujera, wasu suka kwana a ciki? An wanke injin, an canza baƙin mai, an shanya kujeru a rana. Gaɓar sandar da ke ƙasa kusa da ƙafar direba kuwa ba mai tunawa da ita. Laka ta bushe a ciki, tsatsa ta kama, ƙarafan da aka yi su zurma cikin juna suka manne. Wannan ba a ma kai ta wajen mai walda ba, ruwa ya riga ya yi aikin. Giris kaɗan da robar rufi mai kyau sun isa su hana hakan, in da an san a duba.

Ta uku ita ce babba, kuma zan daɗe a kanta domin ta shafi motar da talakan yankin nan ya fi dogara da ita yanzu. Ƙananan motocin nan na Hijet da 'yan uwansu, masu shiga lungun da babbar mota ba ta shiga, an ƙera su ne don titunan Japan, inda ake bin hagu, sitiyari yana dama. Mu kuwa tun ranar 2 ga Afrilu 1972 muka koma bin hannun dama, kuma doka ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyarin dama rajista ba. Don haka kafin motar ta iso hannun manomin Kafin Hausa ko Birniwa, wani ya riga ya juya mata sitiyari. Akwai masu yin juyin da gaskiya, su nemo cikakkun kayan hannun hagu su ɗaura. Amma irin waɗannan kaya ba kasafai ake samunsu ba, kuma suna da tsada. Abin da na sha gani in na leƙa ƙarƙashin dashbod shi ne sanda da aka yanka da zarto aka ƙara mata guntun ƙarfe, maƙalai masu zamewa an cire an jefar, an liƙa sandar kai tsaye a jikin ƙarfen mota. Wannan gyara yana da hatsari biyu. Wurin da aka yi waldar yana iya tsinkewa ana cikin tafiya, sitiyari ya riƙa juyawa a banza a hannun direba. In bai tsinke ba kuma, ranar karo sandar ba za ta saki ba.

A tuna kuma irin zaman da direban waɗannan motoci yake yi. Hijet, da Hiace da muke kira Homa, da Kanta, duk ba su da dogon hanci. Direba a kan tayar gaba yake zaune, tsakanin gwiwarsa da motar da ke tahowa falle ne na ƙarfe da fitila. A bayansa kuma buhunan shinkafa ne da aka jibga har sun fi kan motar tsayi, waɗanda su ma in an tsaya kwatsam gaba za su yi. Mutumin da ba shi da komai a gabansa sai sandar sitiyari, shi ne muka fi cire wa sandar kariyarta.

Har motocin manya ba su tsira ba. Da yawan motocin da muke kira Beljiyam, masu shigowa daga gwanjon Amurka, sun riga sun yi hatsari a can, kamfanin inshora ya sallama su. A nan a miƙe gaba, a yi fenti, a ja sandar da ta riga ta zurma a dawo da ita tsawonta a ɗiga mata wuta, a manne murfin jakar iska babu komai a ciki, a kashe fitilar da ke gargaɗi a dashbod. Sandar nan sau ɗaya take aikinta a rayuwa. Wadda ta taɓa zurmawa, wurinta bola.

Ba na son a ɗauka makanikai nake zagi. Da yawansu ta hannuna suka bi, kuma na san halin da suke ciki. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan gyara sun yi tashin da direban haya ba ya iya bi. Na tsaya na ji irin cinikin da ake yi. Makaniki ya ce, "Alhaji, wannan canzawa take so." Direba ya ce, "Haba maigida, a lallaɓa min ita dai, gobe ina da lodin kankana zuwa Kano." Makaniki ya san in ya ƙi, garejin da ke kusa ba zai ƙi ba. Sau da yawa ma direban ba shi ne mai motar ba, balas yake kaiwa kullum, kuma mai motar da ke zaune a gida ba ƙirjinsa ne ke saitin sandar ba. Shi ya sa nake ganin nauyin farko a wuyan masu motoci yake. Wanda ya ba ɗan wani mota ya nemo masa kuɗi, ya kuma hana kuɗin sanda ta gwanjo mai lafiya, ya san amanar da ya ci.

Za a ce min, Malam, ka bar jaki kana dukan taiki. Hanyar Gujungu da Ringim, da ta Malam Madori zuwa Gumel, da ta Birniwa zuwa Nguru, duk falan ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa suna goga kafaɗa. Ga ramuka, ga hazo a hunturu, ga gudu, ga obalodi, ga direban da ya kwana biyu bai runtsa ba. Duk gaskiya ne, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta lissafa mutuwar fiye da mutum 5,000 a hanyoyinmu a 2023, haka ma a 2024. Amma fa irin waɗannan hanyoyi su ne ainihin inda ake taho-mu-gama, kuma taho-mu-gama shi ne hatsarin da aka yi wannan sanda dominsa. Raba titi biyu sai gwamnati, sai biliyoyi, sai shekaru. Janye wutar walda daga sanda kuwa yau za a iya yinsa, a hannunmu yake. Lokacin da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ranar 15 ga Oktoba 2024 ta hallaka fiye da mutum 150, duk ƙasa ta girgiza, kuma ya cancanta. Direban da sitiyari ya danne a wata kwana tsakanin Haɗejia da Gujungu kuwa shi kaɗai yake tafiya, a yi masa sutura, a ja motar zuwa gareji, a miƙe ta a ba wani.

Akwai kuma masu cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Na yi imani da haka, ba na ja. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa imani da ƙaddara yana ɗauke wajibcin riƙo da sababi ba. Mutanen garin nan da ke fita cikin dare su cika buhuna da ƙasa su tare jinga in kogi ya kawo, sun yarda da ƙaddara, ba su kuma zauna suna kallon ruwa ba. Wanda ya san gyaran da yake yi zai iya kashe mutum ya kuma yi, ba zai fake da ƙaddara ba.

Sanda mai lafiya ma ba ta aiki ita kaɗai. An auna ta ne da mutumin da bel ya riƙe, bel mai maƙali uku irin wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959. Bel ne ke rage gudun jiki ya kuma tsayar da shi a saiti, sannan sandar ta karɓi ragowar. Tun watan Janairun 2003 ake kama direba a kan bel a Najeriya, amma har yau da yawa rataya shi suke yi a kafaɗa in sun hango jami'ai, su sake shi in sun wuce. Ga kuma al'adar cusa fasinja a kujerar direba a motocin Golf da Sharon ranar kasuwa, direba ya karkace yana tuƙi da rabin jiki. Wanda ya zauna a haka, ba sandar da za ta cece shi.

Gwamnatin tarayya tana da nata kason, domin sabuwar mota ma ba tabbas ba ce. A 2018 ƙungiyar Global NCAP mai gwajin karon motoci ta ɗauki sabuwar a-kori-kura ƙirar Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka ta Kudu ta buga ta a gudun kilomita 64. Ba ta sami tauraro ko ɗaya ba wajen kare babba. Cikin abin da rahoton ya ambata har da cewa sandar sitiyarin ba ta zurma ba, ta tafi kai tsaye cikin ƙirjin gunkin gwaji. Shekaru hamsin ke nan bayan dokar Amurka, ana ƙera wa 'yan Afirka motar da ba za a yarda a sayar a Turai ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙa'ida ta 12 a kan sitiyari, mai awo irin wancan na santimita 12.7, kuma Najeriya ta shiga yarjejeniyar ƙa'idojin motoci a 2018. Abin da ya rage shi ne a hana duk motar da ba ta cika wannan awo ba shigowa ko haɗawa a ƙasar nan.

Amma ni hankalina ya fi karkata ga abin da za a iya yi a masarautar Haɗejia ba tare da jiran Abuja ba. Makanikai suna da ƙungiya, masu walda suna da tasu, kuma na ga yadda suke iya ɗaure mambobinsu a kan farashi da kuɗin taro. Su ɗaure su a kan wannan: ba a ɗiga wuta a sandar sitiyari, duk garejin da ya yi a ci shi tara. In kowa ya ƙi, direba ba shi da garejin kusa da zai gudu. Jami'an duba lafiyar motoci na jihar Jigawa, da ke duba fitila da taya da takardu, su ƙara sunkuyawa da tocila ƙarƙashin dashbod. Tabon walda ba ya ɓuya, minti biyu sun isa. Shugabannin tasha su yi haka kafin su sa mota a layi. Makarantun fasaha, har da kwalejin Binyaminu Usman da ke nan garin, su samo tsohuwar sanda daga masu gwangwan su tsaga ta biyu su ajiye a ɗakin aiki, su kuma kira yaran gareji su zo su gani. Na gwada wannan da ɗalibaina. Yaron da ya riƙe ƙusar robar nan a tafin hannunsa, ya gane abin da take yi, ba ya ƙara ɗaga guduma a kan sitiyari.

Wani abu kuma ga duk wanda Allah Ya sa ya fara isa wurin hatsari. Kafin ka bar wurin, dubi sitiyarin. In ya lanƙwashe, ƙirji ko ciki ne ya lanƙwasa shi, ko da direban yana tsaye da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa ƙalau. Saifa ko hanta na iya fashewa jini ya riƙa zuba ta ciki ba ɗigo a waje, mutum ya yi awanni yana magana sannan ya sulale. Wannan ba aikin maɗori ba ne, ba kuma na ruwan zafi da man shafawa ba. Asibiti za a kai shi a take, a kuma gaya wa likita cewa sitiyari ya lanƙwashe, domin wannan bayani kaɗai yana canza irin binciken da za a yi masa.

Duk shekara in kaka ta gabato, na san manoma da yawa a Auyo, Kaugama da Malam Madori da ke jiran kuɗin shinkafa da riɗi su sayi ƙaramar motar ɗaukar kaya, galibi ɗansu ko ƙanensu za su ɗora a kanta. Za a buɗe injin a saurari ƙararsa, a duba hayaƙi, a daki taya da ƙafa. Ina roƙon a tafi da makanikin da aka yarda da shi, ya kwanta a ƙasan kujerar direba da tocila, ya bi sandar daga sitiyari har inda ta ratsa jikin mota. In ya ga ɗigon walda a kanta, ko ya ga an liƙa ta a jikin ƙarfen dashbod maimakon noti da maƙali, a cire kuɗin wata sandar daga farashin a canza ta kafin motar ta ɗauki buhu ko ɗaya. In dillali ya ƙi, a bar masa motarsa.